Mama da Ɓerayen Farin Ƙyalle

Mahaifiyata ta daɗe tana yaƙi da ɓeraye kafin ranar da na shigo mata da su gida a cikin keke mai ƙafa uku, na lulluɓe kejinsu da zanen gadona don kada rana ta dame su. Acca da wake take sayarwa, kuma ɗakin bayan gidanmu na Trikania nan ne ma'ajiyar buhunanta, don haka a wurinta ɓera ɓarawo ne kawai mai ƙafa huɗu. Tana da tarko, tana da guba, tana da wani tsohon takalmin marigayi Babanmu da ta ware musamman don wannan aiki. Ko a coci aka karanta labarin jirgin da ya kwashi dabbobi bibbiyu lokacin ruwan tufana, sai ta zunguro ni ta raɗa mini cewa da ita aka sa gadin ƙofar jirgin nan, da akwai biyun da ba su shiga ba.

Ga yadda aka yi na zama mai ɓeraye. A lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wata masana'anta a Kudenda, ina kuma karatun digiri na biyu a gefe. Mama kuwa likita ya gaya mata tana da ciwon suga, ya rubuta mata ƙwaya safe da yamma. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa godiya har da durƙusawa, ta zo gida ta ɗora kwalin a kan firji kamar kayan ado. Abin da take sha shi ne wani ganye mai ɗacin tsiya da ake aiko mata daga ƙauyenmu. Ta dafa shi a tukunya, ta tace, ta cika jarka, ta riƙa kurɓa tana yamutsa fuska tana yabonsa. Ta ce kakarta shi ta sha, kuma ta bar duniya da haƙoranta cif a baki.

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa, na haɗa ta da fasto. Faston ma da ya zo, da kofin ganyen ta tarbe shi, ya sha don kunya, ya tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ni mai zafin zuciya ce, ita kuma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka tura bango. Ina kallo tana ramewa, tana yawan zaga bayi, tana cewa tafin ƙafarta na mata zafi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don Baba ya riga ya tafi, ita kaɗai ta rage mini. Shi ya sa da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ban yi wani dogon tunani ba, na zaɓi ganyen Mama. Niyyata in gwada shi yadda ya kamata. In yana aiki, in ja bakina in ba ta haƙuri. In ba ya yi, in ajiye mata sakamakon a gabanta, ta sha ƙwayarta. Digirin ma a bayan wannan yake.

Kafin a ba ni ko ɓera ɗaya sai da na tsaya gaban kwamitin makarantar mai kula da dabbobin gwaji. Sun yi mini tambayoyin da ko mai neman aurena ba a yi masa ba. Me ya sa sai da dabba? Me ya sa wannan yawan, ba za a iya ragewa ba? A kan me za su kwanta? Wa zai duba su ranar Lahadi in na tafi coci? In ɗaya ya galabaita, a wane mataki zan tsaya in hutar da shi? Shugabar kwamitin wata likitar dabbobi ce mai tabarau, ba ta murmushi ko da kuskure. Na fito ina gumi ina mita, ina cewa a raina matar nan ba ta san ɓera ba, da ta zo ta ga abin da suke yi wa buhun wake.

Tsarin gwajin ba shi da wuyar ganewa. Ɓerayen farare ne, masu jan ido, lafiyarsu lau aka kawo su. Akwai allurar da ake yi musu wadda ke jawo ciwon suga, ni na yi musu ita da hannuna, yadda aka koya mini. Sai na raba su keji uku. Na ɗaura koren ƙyalle a kejin masu shan ruwan ganye, jan ƙyalle a na masu shan maganin asibiti, farin ƙyalle kuma a na waɗanda ba a ba su komai sai abinci da ruwa. Waɗannan na ƙarshen su ne ma'auni. In babu su, ba yadda za a san ko magani ne ya yi aiki, ko jiki ne ya warware da kansa.

An fara ke nan sai aka shiga yajin aiki a makarantar. Aka yanke wuta da ruwa a ɗakin dabbobi, mai ba su abinci ya kulle ƙofa ya tafi gida. Malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai sanyin magana, ya kira ni a waya ya ce zaɓi biyu ne. Ko a tsayar da gwajin a yi asarar ɓerayen, ko in kai su wani wuri mai tsabta, mai shiru, in ci gaba, shi zai sanar da kwamiti. Na ce masa ina da wuri mai shiru. Har yau ban san abin da ya sa na kira gidanmu wuri mai shiru ba.

Mama na zaune a tsakar gida tana tsince tsakuwa a faifan acca lokacin da mai keke ya taya ni shigo da kejin.

"Mene ne wannan kuma?" in ji ta.

"Aikin makaranta ne, Mama."

Ta taso ta ɗaga bakin zanen. Jajayen idanu suka zubo mata. Ta saki zanen, ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Ya Ubangiji! Ɓera! A gidana! To wa ya wanke su haka suka yi fari?"

Na ce haka aka halicce su. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ɓeran da ya shafa mai ba sai yau. Ban bari ta huce ba, na jero mata dokoki, don na san in na tsaya lallashi ba za mu gama ba. Buhuna za su fita daga ɗakin baya su koma falo. Guba da tarko za su bar gidan. Kyanwar maƙwabta ba za ta leƙo ba. Ba rediyo kusa da tagar, ba buga ƙofa, ba hayaƙin girki. Za a riƙa shimfiɗa musu sabon garin katako, kuma abincinsu na musamman ne, a buhu yake zuwa.

"Wato wakena ya kwana a falo, ɓera ya kwana a ɗaki."

"Na ɗan lokaci ne. Abu mafi girma kuma, Mama, in na tafi aiki kada ki ba su komai. Ko ruwa. Ni zan ba su da safe, in ba su in na dawo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni in ba ɓera abinci? Ke, abeg, kada ki zage ni a gidana."

Na tafi aiki da kwanciyar hankali. A ganina babu mai gadin da ya fi wanda ya tsani abin da yake gadi, ba zai taɓa kusantarsa ba. Abin da na manta shi ne muƙamin Mama a coci. A zumuntar mata ita ce shugabar masu gaida marasa lafiya, kuma ba da wasa ta riƙe aikin ba. In aka ce wani ba shi da lafiya, daga Trikania har Mahuta, ko ɗan cocinsu ne ko ba nasu ba, sai ta ɗaura zanen zumunta ta je. Kuma dokarsu ɗaya ce, ba a zuwa wurin mara lafiya hannu rabbana. Ko kunu ne, ko lemo biyu, ko sabulu. In ɗakin asibitin mutum shida ne, to shidan za a raba wa, don a wurinsu ka ba wannan ka tsallake na gadon kusa, abin kunya ne da ba ya wankuwa.

Kwanakin farko a bakin ƙofa take tsayawa tana zaginsu yayin da nake aunawa. Ta ce su malalata ne, ta ce 'yan uwansu na waje ko ba komai suna neman na kansu. Wata safiya tana kallo na tsaga ɗan bakin wutsiyar ɗaya na ɗiga jini a na'urar awon suga, irin wadda ake amfani da ita a kanta a asibiti. Ta matso.

"Me ke damunsu ne wai?"

"Ciwon suga."

"Irin nawa?"

"Irin naki."

Ta tsaya tana kallon na farin ƙyalle suna ta shan ruwa kamar an aiko su. Ta ce, a hankali, "Allah sarki. Haka ƙishin yake."

Daga ranar aka juya. Da safe kafin ta gaishe ni sai ta leƙa ɗakin baya ta ce, "Sannunku, ya jiki?" Takalmin Baba da aka ware don ɓeraye ya koma kan kyanwar maƙwabta, wadda ta yi shekaru tana shiga gidanmu ana yi mata kirari. Kyanwar ta kasa gane abin da ya faru da duniya, ta koma kan katanga tana kallonmu da tuhuma. Ranar Alhamis kuwa, da matan zumunta suka zo koyon waƙa a tsakar gidanmu kamar yadda suka saba, Mama ta tare su a ƙofa da yatsa a baki. Ta ce akwai marasa lafiya a ciki. Na dawo daga aiki na tarar da mata manya, masu muryar da ke tsaga kwanon coci, suna waƙar yabo da raɗa, suna rausaya a kan yatsun ƙafa, mai kiɗan tulu ta naɗe bakin tulun da ɗankwali. Na jingina da bango na yi dariya har cikina ya ƙulle. A raina na ce ko ɗakin dabbobin makaranta bai samu irin wannan kulawa ba.

Ba a daɗe ba ta lura da abin da na so kada ta lura da shi.

"Na ga kin ba na koren ƙyalle ganyena. Na ja kuma kin ba su na asibiti. Waɗannan fa?"

"Su ba a ba su."

"Ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Su ne ma'auni, Mama. Da su za a gane ko sauran sun samu sauƙi."

"Wato a bar su a ga yadda za su lalace."

"Haka tsarin yake."

"Tsarin wa? A ɗaki ɗaya, ciwo ɗaya, ki ba wannan ki tsallake wannan? Ni na haife ki kuwa?"

Na makara ranar, motar ma'aikata ba ta jira. Na ce mata ba za ta gane ba, na ɗauki jakata na fita. Ban ƙara jin ta ta da maganar ba, na ɗauka ta wuce.

Sai kuma abin farin ciki ya same ni. Wata rana ina goge saman firji na ga an buɗe kwalin ƙwayar Mama, an ɓalle wasu. Washegari an ƙara. Ban ce uffan ba, don Mama in ka yabe ta a kan abin da ta taɓa ƙi, sai ta fasa. Amma daɗi ya cika ni. Na ce ganin ɓerayen ne ya tsorata ta. Ranar Lahadi da aka ce masu godiya su fito, na fito na taka rawa har gaban bagadi, Mama na bayana tana tafi tana tambayar mata ko ƙarin girma na samu a wurin aiki. Jarkar ganyen dai tana nan tana sauka kamar da, amma na ce ba komai, a hankali za ta rabu da ita.

A ɗakin baya kuma al'amari ya fara ruɗa ni. Na jan ƙyalle suna samun sauƙi, wannan ba mamaki. Na koren ƙyalle yau sama gobe ƙasa, ba a kama musu kai ba. Amma na farin ƙyalle, waɗanda ba a ba su komai, sukarinsu sai sauka yake, gashinsu na ƙyalli, har suna neman kamo na ja. Na canza batirin na'ura. Na auna kaina. Na tare mai kawo mana ruwa a kura na auna shi, ya tafi yana tsotsar yatsa yana harararmu. Na'ura lafiyarta lau. Har ruwan rijiyarmu na ɗiba a kwalba na kai wurin aiki na gwada, ko akwai wani sirri a ciki.

Abokin aikina a masana'anta, wani mutumin Benuwai mai son raha, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Sista, kin yi arziki. Ruwan Trikania na maganin suga. Mu fara ɗurawa a leda kawai." Da ya gama dariyar sai ya rage murya ya ce ai kowa ya san yadda ma'auni ya kamata ya fito, in ɗan gyara lambobin su hau, ba wanda zai je ya tambayi ɓera. Ba zan ce maganar ba ta zauna mini a rai ba, ta zauna har lokacin tashi. Amma sai na tuna wa zan kai wa takardar. In na ajiye wa Mama sakamakon ƙarya a gaba na ce ga abin da bincike ya nuna, da me na fi mai tallar magani a cikin mota? Na rubuta lambobin yadda suka fito, na kira Malam na gaya masa ruwan banza na neman ya zama magani a gidanmu. Sai ya tambaya, "Wa ke zama da su in kin fita?" Na ce mahaifiyata ce, kuma ita ko kallon ɓera ba ta son yi. Ya ce to.

Ranar da asiri ya tonu, injin wutar masana'anta ne ya lalace, aka sallame mu tun kafin rana ta take. Na shigo gida na ji tsit. Takalma a jere a bakin ɗakin baya. Na tura ƙofa. Mata uku na zumunta sun sunkuyar da kai suna addu'a ƙasa-ƙasa, Mama kuma na tsugune gaban kejin farin ƙyalle da cokali biyu a hannu, tana murƙushe farar ƙwaya a tsakaninsu. Kwalbar ruwan ɓerayen na buɗe a gefenta. Kwalin da na yi wa rawa a coci yana kan cinyarta.

"Mama!"

Cokalin ya faɗi. Matan suka ce amin a gurguje, suka bi ta gefena ɗaya bayan ɗaya, kowacce na neman takalminta ba ta kalle ni ba.

"Ƙaramin ne ba ya jin daɗi tun safe," in ji Mama. "Shi ne na ce bari in ƙara masa."

A kusurwar kejin ɗan ƙaramin cikinsu na kwance a gefensa, wanda take kira autanta. Na ɗauko shi a tafin hannuna. Yana numfashi da kyar, jikinsa sanyi. Ƙwayar da aka auna don babbar mace mai ɗaukar buhu, ita ake ta zuba wa abin da bai kai nauyin albasa biyu ba. Kafin in gama haɗa abin da zan ba shi, ya miƙe ƙafa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na manta da dokar shiru da ni na kafa, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta katanga, kyanwar ma ta dawo kallo. Na ce ta kashe mini aiki. Na ce ta kashe ɓeran da take cewa autanta. Na ce ni ina can ina rawa a coci ashe ɓera ke shan maganin. Mama na kuka tana cewa ita ba ta iya ganin mara lafiya an tsallake shi, tunda ita ba ta sha, ai gara a ba masu bukata da ya lalace a kan firji. Wannan ya ƙara tunzura ni.

"Kin san wahalar da suka sha duk ta tashi a banza? Lafiyarsu lau aka kawo su, na yi musu allura na sa musu ciwon nan don a samu amsa, yanzu ba amsa, sai ciwon kawai!"

Kukan ya tsaya cak. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke kika sa musu?"

Sai a lokacin na gane ban taɓa gaya mata ba. Ita duk zatonta marasa lafiya na tsinto ina jinya.

"Kika ɗauki mai lafiya, kika sa masa wannan ƙishin, da hannunki? Don me?"

"Don ke, Mama. Don ki sha maganinki."

Ta karɓi ɗan ɓeran daga hannuna, ta naɗe shi a cikin farin ƙyallen kejin, ta haƙa rami a gindin gwandarmu da wuƙar girki ta binne shi. Ranar ba a ɗora tukunya a gidanmu ba.

Washegari na kira Malam na gaya masa komai, shi kuma ya rubuta wa kwamiti. Da aka janye yajin aiki suka kira mu. Mama ta ce ƙafata ƙafarta. Na ce ba a zuwa da uwa irin wannan zama, ta ce mai laifi ai shi ke zuwa. Ta ɗaura zanen zumunta, ta riƙo ledar lemo, don ta ji an ce shugabar kwamitin likita ce, kuma ba a zuwa wurin likita hannu rabbana. Muka haye gada zuwa makaranta, ni ina addu'a ƙasa ta tsage.

Shugabar mai tabarau ta saurare mu har ƙarshe. Ta mayar da lemon cikin ladabi, ta ce ba sa karɓar komai daga wanda suke sauraron maganarsa, abin da ya sa Mama ta ɗauka an riga an yanke mata hukunci. Sannan ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a kai dabbar gwaji gidan da ba wanda aka koya wa kula da ita, kuma laifin wannan na Malam ne, da nawa, da nasu da suka ji suka yi shiru. Ta ce abu ɗaya da aka yi daidai shi ne ba a taɓa lambobin ba. Ta juya ga Mama ta ce, "Mama, tausayinki ba laifi ba ne. Mu ma aikinmu ke nan a nan. Amma dabbar da aka sa wa ciwo, bashin da take binmu shi ne wahalarta ta yi amfani. Waɗannan tasu ba ta yi ba." Daga ƙarshe ta ce gwajin ya rushe. In ina son in sake, sai in dawo in nemi izinin sababbin ɓeraye, daga farko.

A keken dawowa ledar lemo na tsakaninmu. Muna tsakiyar gada, kogi na ƙasa ya cika ya yi ja, Mama ta taɓa gwiwata.

"Sababbin nan, su ma allurar za ki yi musu?"

"Dole ne, in za a sake."

"Kuma a sake ware na farin ƙyalle?"

"Eh."

Ta kalli ruwa. "In na sha ƙwayar fa? Kullum, safe da yamma, a gabanki. Za ki bar su?"

Na buɗe baki in ce ba haka bincike ke tafiya ba, ba don mutum ɗaya ake yi ba, tambayar ganyen tana nan ko ta sha ko ba ta sha ba. Duk gaskiya ne. Amma na dubi wuyanta yadda ya rame a cikin rigar zumunta. Na ce zan bar su.

Na koma na sauya aikin gaba ɗaya, na gwada ruwan ganyen a cikin kwalaben gwaji, ba dabba ko ɗaya. Kwamitin suka amince ba tare da dogon zama ba, shugabar har ta ce da tun farko daga nan na fara. 'Yan ajinmu suka sa rigar kammalawa suka bar ni a baya da shekara guda. Abin da na samo kuma ɗan kaɗan ne, bai isa in ce ganyen magani ne ba, bai isa in ce ba shi ba ne. Haka na rubuta.

Ɓerayen da suka rage ba a iya sakinsu, ba a kuma barinsu da ciwo. Doka ita ce likitar dabbobi ta sa su barcin da ba a tashi, ba tare da sun ji zafi ba. Ranar da aka yi, Mama ta raka su har ƙofar ɗakin dabbobi. Ba a bar ta ta shiga ba, sai ta zauna a kan benci a waje ta rera musu waƙar da ake yi wa mai tafiya gida. Ranar ce kaɗai ta yi musu waƙa da cikakkiyar muryarta, har ɗalibai suka tsaya suna tambayar wa ya rasu.

Buhuna sun koma ɗakin baya. An sasanta da kyanwa. Tarko ma ya dawo, don Mama ta ce na waje lafiyarsu lau kuma ɓarayi ne, amma gubar ba ta sake shigowa gidan ba, ta ce mutuwarta da wahala. Jarkar ganye na nan, likitanta ya san da ita, suna ta ja-in-ja a kai. Har yau ba ta yarda ƙwaya ta fi ganyen kakarta ba, kuma in aka tambaye ta sai ta faɗa a gaban kowa cewa alkawari ta yi wa ɓeraye. Kowace safiya takan kira ni in tsaya, ta ɗora ƙwayar a harshe, ta kora da ruwa, ta buɗe baki in gani. Na yi shekaru ina roƙonta ta sha don ni, 'yarta, ta ƙi. Da farko abin ya ɗan yi mini ciwo. Yanzu ƙafarta ta daina zafi, ta mayar da jikinta, ni kuma na daina tambayar don wa take sha. Ina dai miƙa mata kofin ruwan.